Farar Ƙasa a Kan Gonar Kaka

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma yayana ya riga ni. Ranar Laraba da hantsi muka kai Hamma makwancinsa, bayan jinyar wata biyu da bai taɓa yarda a kira ta jinya ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta yi masa sauƙi.

An kafa rumfa a ƙofar gidansa na Jambutu, aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Ni kaɗai ne ƙanensa da ya rage, don haka ni aka zaunar a tsakiya ina karɓar gaisuwa. Danginmu na cikin Yola suka zo da manyan riguna, suka yi addu'a da Fulatanci, suka tashi. Tsofaffin direbobin manyan motoci suka zo a ƙungiya. Ɗaya ya ce motar da Hamma ya zana masa ta daɗe da mutuwa, amma ya ciro ƙyauren bayanta ya jingine a ɗaki, ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa. Modibbon unguwa, wato babban malaminmu, wanda bai taɓa son sana'armu ba, ya shafa addu'a ya ce, "Mutumin kirki ne. Hotunan nan kuwa Allah ya yafe masa. Ko da yake shi dai bai taɓa zana fuskar ɗan Adam ba." Ya faɗi haka yana kallona, don ya san ni ina zanawa.

Can sai ga ayarin mata 'yan coci da ɗankwali iri ɗaya, irin mutanen da gudun hijira ya kawo Yola suka zauna ke nan. Babbarsu ta durƙusa a gabana tana share hawaye, ta ce, "Baba, sannu da haƙuri. Kai, Jimeta ya yi asara. Yanzu wa zai zana mana gona?"

A gabana fa. Ni da na shekara talatin da biyar ina koyar da zane a makarantar sakandare. Ni da hotunana suke rataye a ofisoshi da falukan manya. Wa zai zana mana, in ji ta. Na ce, "Allah ya ba da lada." Ƙasar kabarin yayana ba ta bushe ba, ni kuwa ina zaune a kan tabarmar makokinsa ina ƙyashinsa. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya ɗauka ƙane nagari ne ya rubuta wannan ta'aziyya.

Da la'asar Adda, matar Hamma, ta aiko a kira ni cikin gida. Ta ce, "Ticha, Kaka, tsohuwar nan da ta yi gudun hijira a gidan nan, ta bugo waya. Za ta zo ranar bakwai, ita da jikarta. Ta ce yarinyar ta girma, tana so ta nuna mata ubanta a bangon zaure."

Na ce, "Allah ya kawo su lafiya," na fito. Hanyar fita ta zauren take. Na bi ta gefen bangon nan fari fat ban ɗaga kai ba. Babu gona a jikinsa, babu uban kowa. Shekara takwas ke nan da aka shafe shi, kuma da hannuna na shafe shi.

Sai na koma baya kaɗan a gane ko wane ne Hamma, a kuma gane ko wane ne ni.

Mu 'ya'yan manomin masakwa ne. Wanda bai san ta ba, dawa ce ta rani, ana dasa ta a fadamar Binuwai bayan ruwa ya janye. Baba yana gaba da ƙaton sanda mai tsini yana huda ƙasa, Inna tana bi tana zuba ruwa a ramin, yara suna sa dashe bibbiyu. Mai ɗauko ruwan kuwa Hamma ne, garwa biyu a sanda, sandan a wuya, daga kududdufi zuwa gona, tun safe har rana ta yi ja. Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya boko, ni aka bayar, don ni ne ba ni da ƙarfi. Na tafi da farar riga, shi ya ci gaba da garwa. Ranar da muke yi masa wanka na ga kantar sandan nan tana nan a ƙeyarsa, baƙa, bayan shekara sittin.

Ya kusa shekara talatin da haihuwa ambaliya ta cinye gonar shekara biyu a jere, ya shigo Jimeta ya zama yaron wani mai fentin motoci a gareji. A lokacin ni na gama kwaleji, ina da takardar shaidar zane, na san sunayen launuka da Turanci. Shi ko sunansa da boko sai da ƙyar yake rubutawa. Sauran masu fenti suna zana zaki da gaggafa da jirgin sama a bayan motoci, shi sai ya zana mata suna sussuka, ko tsoho a duƙe yana huɗa. Da farko direbobi suna faɗa, wai sun gudo daga gona ya sake liƙa musu ita a baya. Daga baya layi suke yi.

Kayan aikinsa abin dariya ne. Ragowar fentin mota a gwangwanin madara, burushi na gashin wutsiyar saniya da ya ɗaure da kansa, tsumma da kananzir. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni kunya in muna tare. Kafin ya zana mutum sai ya zama mutumin. In mai noma zai zana, sai ya ɗauki fartanya ya duƙa a tsakiyar gareji, ya yi ta sarar iska har bayansa ya ƙage, sannan ya miƙe ya taɓa inda ke yi masa ciwo, ya ce, "To, a nan layin zai karye." In mai ɗaukar dami ce, sai ya ɗora taya a ka ya zaga. Mutane su yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Na taɓa ce masa, "Hamma, mutanenka duk ƙeya suke ba mu. Fuska ce ba ka iya ba, ko tsoron Modibbo kake?"

Ya ce, "Ticha, manomi ba ya kallon mai hoto. Ka taɓa ganin fuskar Baba a gona? Ni dai bayansa na sani."

Ticha yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana. Wata rana ya ga ina zana wata mata da damin dawa a ka, na ɓata awa biyu ina fitar da ƙwayoyin zangarniya ɗaya-ɗaya. Ya tsaya a bayana yana cin goro, ya ce, "Damin ya yi kyau. Amma ba shi da nauyi. Bar damin, zana wuyan da ya ɗauke shi." Na ce masa ba a koyar da haka a kwaleji. Ya ce, "Ai ba a ɗaukar dami a kwaleji." Na yi wata guda ban taka gidansa ba, shi kuwa duk Juma'a sai ya zo nawa a Limawa da ƙullin gyaɗa ga yara, kamar ba a yi komai ba. Wannan halin nasa ya fi komai ƙona min rai, mutum ya ƙi ba ka damar yin faɗa da shi.

Shekarar da 'yan bindiga suka kori mutanen arewacin jihar nan, Yola ta cika har ta batse. Makarantu, masallatai, coci-coci, kangon gidaje, ko'ina mutane ne da ƙullin kaya. Hamma ya je tasha sayen fenti, ya dawo ba fenti, ya dawo da mutum uku: wata tsohuwa, da surukarta, da jaririya a goye. Kwana huɗu suka yi suna tafiya a ƙafa ta daji daga ƙauyensu na kan dutse. Ɗan tsohuwar, uban jaririyar, ya tsaya roron wake ya ce zai biyo su da yamma, a gonar aka same shi. An ƙone gidansu, ko hoton fasfo nasa bai tsira ba. Hamma ya kwashe gwangwanayensa daga ɗakin aiki ya ba su ɗakin. Wani ya ce masa ai ba addininmu ɗaya ba, ya ce, "Ƙafarta na duba, irin fason Inna ne." Tsohuwar ita ce muke kira Kaka, duk unguwa haka suke kiranta.

Wata uku Kaka ba ta magana sai gaisuwa. Wata Juma'a Hamma ya taho da ita gidana don ta sha iska. A falona kuwa akwai hoton da na fi alfahari da shi a duniya, ƙaton yadi, na sa masa suna Iyalin Manomi. Maigida a tsaye da fartanya a kafaɗa yana murmushi, uwargida da ƙwaryar nono, yara suna shuka, bayansu dawa ta nuna jawur, ga shanu ƙosassu a gefe. Irinsa biyu na yi, ɗayan yana wani babban ofis, manya suna ɗaukar hoto a gabansa.

Kaka ta tsaya ta ƙura masa ido. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, har na fara jin daɗi a raina cewa hotona ya taɓa ta. Ashe dariya ce. Ta yi ta har ta zauna a ƙasa.

Ta ce da irin Hausarta, "Ɗana, wannan gona a ina yake? Dawa ya nuna, yara kuma yana shuka? Wane wata ne wannan? Ga shanu kusa da dawa, bai ci ba, shanun yana azumi? Dubi wannan mata, ƙafansa sumul kamar na jariri. Shi kuma maigida me yake dariya, an biya shi ne?"

Ni ɗan manomi, na haɗa shuka da kaka a yini ɗaya, shekara goma hoton yana rataye babu wanda ya lura, don duk masu kallonsa irina ne. Da za su tafi Hamma ya riƙe hannuna a ƙofa, idonsa da ƙwalla, ya ce, "Ticha, ka yi aikin lada. Tun da ta zo ban ji dariyarta ba." Da gaske yake, ba gatse ba. Da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Daga ranar bakin Kaka ya buɗe, ta fara ba da labarin gonarsu. Hamma ya ce mata, "Zauna nan ki faɗa min," ya nuna mata kujera a zaure, ya fuskanci bango da gwangwanayensa. Kusan wata biyu suka yi. Gonar kan dutse ce, an jera duwatsu hawa-hawa don su riƙe ƙasa. Dawa a sama, wake yana yaɗo a ƙarƙashi, rumbuna uku masu hular ciyawa a can ƙarshe. Surukar a duƙe da tsohon ciki. Kaka da kanta tana hawowa da tulu. A tsakiya kuma ɗanta, ya ba da baya, yana noma.

Ba ta raga masa ba ko kaɗan. "A'a, wannan dutse ya yi girma, wa zai ɗaga shi?" Sai ya goge. "Waken nan ya yi kore da yawa, ruwa bai ishe mu ba wannan shekara." Sai ya goge. Dattijo mai furfura, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe burushi ba tana juya shi, shi kuwa sai "To, Kaka." Ranar da ya gama zana ɗan, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Bayan nashi ne. Amma ɗana bahago ne." Hamma bai taɓa bangon ba sai da ya yi kwana biyu a tsakar gida yana noman ƙasa da hagu, Adda tana faɗa ya tone mata wurin shanya. A rana ta uku ya zana. Kaka ta tashi daga kujera, ta ɗora tafinta a bayan hoton, ta kira wani suna da yarensu. Ina wurin. Na fita waje, kuma ba tausayi ne ya fitar da ni ba.

Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa daga sansanin 'yan gudun hijira a keke, su tsaya a zauren suna kallo, wasu su ce nan kamar gonarsu, a yi musu tasu. Ya yi musu a falanki, a tsohon kwano, a murfin durom, bai taɓa sa sunansa a ko ɗaya ba. Bayan shekara uku hanya ta ɗan yi sauƙi, Kaka ta koma wani gari kusa da dutsensu, ita da surukarta da yarinyar. Ƙauyen nasu dai har yau ba mai noma shi. Da za ta hau mota ta ce wa Hamma ya riƙe mata ɗanta sai yarinyar ta yi wayo.

Abin da na yi, ga shi.

Ana shirin bikin 'yar Hamma ta ƙarshe, aka ɗora min gyaran gida. Ana saura mako guda wata malamar jami'a ta zo daga nesa don ganin bangon, ni na yi mata tafinta. Awa biyu ina juya maganar yayana zuwa Turanci, ina gyara masa ita, ina sa mata kalmomin kwaleji. Da za ta tafi ta yi min godiya, ta ce, "Kai ma kana ɗan taɓa zanen ne?" Ɗan taɓawa! Washegari Hamma ya tafi cikin Yola kai goron gayyata. Da azahar, masu aiki sun tafi cin abinci, na shiga zauren. Na ɗauki wuƙar kankare fenti na kai wa hoton sara ɗaya, a daidai hannun bahagon nan da kowa ke yabo, siminti ya ɓare. Sai tsoro ya kama ni. Ga bokitin farar ƙasa da aka jiƙa don katanga, na ɗauki tsintsiya na shafe bangon daga sama har ƙasa, shafi biyu. Na ce wa Adda masu aiki ne suka yi kuskure, na riga na kore su.

Hamma ya dawo da yamma. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe. Ya matsa ya shafa bangon da yatsa, ya murza, ya shinshina.

Ya ce, "Farar ƙasa ce?"

Na ce, "Ita ce."

Ya ce, "To, madalla. Zaure ya yi haske." Ya wuce ciki.

Shi ke nan abin da ya ce, har ya koma ga Allah. Juma'a ta zagayo ya zo da ƙullin gyaɗarsa. Shekara takwas ina cin gyaɗar nan tana tsaya min a wuya.

Sau ɗaya muka kusa taɓa maganar, a kwanakinsa na ƙarshe. Na kai masa kunu da safe, ya kalle ni ya ce, "Ticha, ka san na yi shekara goma ina jin haushin farar rigarka? In ka wuce makaranta ina ƙarƙashin garwa, har addu'a nake ka faɗa taɓo." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce, "To ya aka yi ka daina?" Ya ce, "Gajiya. Mai ɗaukar ruwa ba ya iya ɗaukar abu biyu." Ya tsaya yana kallona, yana jira. Wallahi maganar ta zo har bakina. Na ce masa kunun zai huce.

To ga shi Kaka tana tafe, da yarinyar da ba ta da uba a ko'ina sai a ƙarƙashin shafina. Kwana huɗu ina zaman makoki da rana, da sassafe kuma kafin in fito ina shimfiɗa yadi a ɗakina ina ƙoƙarin sake zana gonar daga ka, in ce mata Hamma ne ya mayar da ita yadi. Sau uku ina yi ina yagawa. Duwatsun suna fitowa, waken yana fitowa, amma mutumin sai ya fito kamar wanda ya sunkuya neman allura.

Ranar shida na shiga wurin Adda, tana zaune da carbi a ɗakin takaba. Na ce, "Adda, bangon nan ba masu aiki ba ne."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Sai yau? Ai farar ƙasar tana gefen wandonka ranar."

Na ce, "Hamma ya sani?"

Ta ce, "Kai Ticha, boko bai yi maka rana ba. Kai mai yadi ne, ba ka san halin bango ba. Da fentin mota ya yi zanen nan, farar ƙasa ba ta kama fentin mota. Zama kawai take a kai. Shi ya sa ya tambaye ka. Da fentin mai ka shafa da shi ke nan, da ya ji farar ƙasa ce ya shigo nan yana hamdala."

Na ce, "To me ya hana shi wankewa? Bokiti ɗaya ne fa!"

Sai a nan ta ɗago, ta kalle ni da jajayen idanu. Ta ce, "Ni ma haka na yi ta ce masa, har muka yi faɗa. Duk shekara farar tana ɓarewa, kan rumbu ya leƙo, ko ƙafar Kaka. Sai ya jiƙa wata ya toshe wurin da kansa. Na ce wannan wace irin wauta ce, mutum yana binne aikinsa? Ya ce Kaka gonarta tana cikin kanta, ba za ta ɓata ba. Ya ce in bango ya tona kansa, ƙanena ya rasa damarsa, wanda ya shafa shi zai wanke. Shekara takwas yana jiranka, Ticha. Ni da tuni na fasa maka ƙwai a gaban dangi, shi ya hana." Ta nuna ƙofa da carbi. "Bokiti yana gindin randa."

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a an raba waina, mutane ba su watse ba tukuna, na tuɓe babbar riga na shiga zaure da bokiti da soso. 'Ya'yan Hamma suka taso, "Bappa, kawo mu yi." Na ce kowa ya koma ya zauna. Soso na farko ruwa ya gangaro fari kamar kunu, sai ga ja da kore a ƙarƙashi, sabo kamar jiya aka yi. Rumbuna suka fito. Duwatsu suka fito hawa-hawa. Mutane suka cika ƙofar zaure ana salati. Ni kuwa ina wankewa ina kallon yadda ya karya layin bayan surukar nan, ina cewa a raina, ta yaya ya san wannan? Har a lokacin ƙyashin bai sake ni ba.

Ina tsakiya keke ya tsaya a waje. Kaka ta shigo tana dogara sanda, ta ƙanƙance, bayanta wata yarinya doguwa mai kamar shekara goma sha biyu. Ta ga ruwa a ƙasa, ta ga rabin bango fari.

Ta ce, "Wa ya rufe min ɗana?"

Modibbo yana nan, direbobi suna nan, surukaina suna nan. Na ce, "Ni ne, Kaka. Ba kuskure ba ne. Hassada ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Kai ne mai shanun azumi?" Na ce ni ne. Ta ce, "To buɗe shi, ka tsaya kallona."

Na wanke tsakiyar. Bayan ya fito, wuyan ya fito, ƙafafun a cikin ƙasa. Amma inda hannun da ƙotar fartanya suke, sai ramin siminti, inda na sara. Wannan kam ruwa ba ya maido shi. Yarinyar ta matso ta tsaya a gaban bayan ubanta. Can ta ɗaga hannu ta taɓa ramin, da hagu ta taɓa.

Kaka ta ce, "An ce kai ma kana zane. Sa masa hannu."

Aka ɗauko min gwangwanayen Hamma da burushinsa na wutsiyar saniya. Na cike ramin da foti, irin ƙullin da ake toshe ramin jikin mota da shi, na jira ya sha iska, na zana hannu. Hannu mai kyau, kowace gaɓa a inda littafi ya ce. Kaka ta matso da fuskarta dab da bango, ta ce, "Wannan biro yake riƙe." Wani ya yi dariya a ƙofa. Jinina ya hau, na ji bakina yana shirin cewa ba a koyar da haka a kwaleji. Na haɗiye. Na goge da kananzir, na ce a miƙo min fartanya.

A tsakar gidan Hamma, a gaban 'yan makoki, ni da furfurata da singileti, na duƙa na kama ƙota da hagu na fara sarar ƙasa. Ban iya ba, fartanyar tana zillewa. Yarinyar ta zo ta ce, "Baba, ba haka ba." Ta sauko min da hagun kusa da ƙarfe, ta mayar da daman baya, ta danna min babban yatsa a kan ƙota. Na yi ta yi har gumi ya rufe min ido, har wani ciwo ya taso daga wuyan hannu ya bi ta gwiwar hannu ya tsaya a kafaɗa. Na miƙe da ƙyar, na taɓa wurin, na koma zaure. Sau huɗu Kaka tana cewa a goge, sau huɗu ina cewa, "To, Kaka." A na biyar ba ta ce a goge ba. Ta kamo hannun jikarta ta ɗora a kan na ubanta, fentin bai ma bushe ba, ta yi mata magana da yarensu. Sun kwana biyu suka koma, yarinyar da ɗan shuɗin fenti a tafinta, ta ƙi yarda a goge mata.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Matan nan masu ɗankwali iri ɗaya suka dawo, don sun ji bangon ya fito, ranar bakwai ba su samu zuwa ba. Babbarsu, wadda ta ce wa zai zana musu gona, ta tsaya a zaure tana kallo tana girgiza kai. Ta nuna da yatsa ta ce, "Baba, dubi hannun nan. Dubi yadda ya damƙe ƙota, har jijiya ya tashi. Duk hoton nan babu kamar wannan hannu. Wa zai iya wannan in ba marigayi ba?"

Shekara arba'in ina jiran wani ya faɗi haka a kan aikina. Na buɗe baki. Adda tana tsaye a bakin ƙofar ciki, ta gama jin komai, tana kallona.

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Matar ta ce, "Amin."